Uwar Gauraka Mai Takalmin Roba

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa maza. Takan ce ni da na riga fitowa na manta rabon maganata a ciki, ƙanena ya zo ya tarar da ita ya haɗa da tasa. Ban taɓa musa mata ba. Shi ma bai musa ba, sai dai ya yi bayanin yadda abin ya faru.

Tun yana ajin farko wani malami ya juyo daga allo ya ce, "Wa ya kunna rediyon nan?" Sunan ya zauna. Yau ko jikokinsa aka tambaya sunan kakansu, sai sun ɗan yi tunani kafin su tuna akwai wani bayan Rediyo.

Ni kafinta ne, shagona yana bakin kasuwa, inda na fara nan na tsufa. Shi kuwa sana'a ba ta daɗewa a hannunsa. Ya koyi aski, amma mutum yakan tashi daga kujerarsa da labarin unguwa kaf da rabin kai ba a taɓa ba. Ya yi kwandasta, motar takan wuce tashar fasinja saboda labarin bai kai ƙarshe ba. Ya tsare wa wani shagon kayan gini, masu saye suka riƙa tsallaka titi idan sun hango shi. A tsakanin nan ya auri tela, mace mai haƙuri da ƙarar keken ɗinki, wadda ta gano tun da wuri cewa idan ta taka keken da ƙarfi ba ta jin komai.

Daga ƙarshe ya samu aiki a hukumar jiha mai kula da kifi da namun daji. Su ne masu cewa ga lokacin kamun kifi ga lokacin da za a bar shi ya hayayyafa. Su ne masu zuwa bakin ruwa da ɗan katako suna auna idon raga, su ƙwace wadda ta cika ƙanƙanta. Suna ba maharba takardar izini, suna kama wanda ba shi da ita idan bai fi su gudu ba. A bayan ofishinsu akwai tafkunan siminti inda ake renon 'ya'yan kifi kafin a kai su madatsun ruwa a zuba. Nan aka sa ƙanena, da bokiti da kofin watsa abinci.

Shekaru ya yi a wurin, kuma nan ne ya fara samun masu sauraro na gaskiya. Kifi bai taɓa ce masa ya isa ba. Suna tasowa suna buɗe baki suna rufewa, shi kuma ya ɗauka amsawa suke yi. Idan ya gama da su sai ya wuce wurin wani tsohon biri da ke cikin keji a jikin katanga. An ƙwato birin daga hannun wani mai wasa da shi a tasha, amma ya riga ya saba da mutane, ba a iya mayar da shi daji ba. Yana zaune yana miƙo hannu ta tsakanin ƙarafa, masinjoji suna ba shi ɓawon ayaba. Ƙanena yakan ce a duk ma'aikatar birin ne kaɗai bai taɓa tafiya hutu ba.

Matsala ɗaya ce: tagar ofishin Darakta tana kallon tafkunan.

Wata rana masu sintirin hukumar suka tare wani mutum da ƙwan gauraka a cikin kwali, zai kai wa masu hali da ke son tsuntsu mai kambi yana yawo a farfajiyar gidansu. Aka sa ƙwan a injin ƙyanƙyasa. Guda ɗaya ne ya nuna alamar rai.

Likitar dabbobin hukumar, wata matashiya mai tabarau da ba ta iya tafiya a hankali, ta tara ma'aikata ta yi bayani. Ɗan gauraka, in ji ta, abin da ya fara gani yana ba shi abinci shi ne uwarsa. Idan mutum ya gani, zai girma yana ɗaukar kansa mutum, ya riƙa tunkarar kowa, har ya faɗa hannun mai tarko ko mai tukunya. Irin wannan ba a sakinsa, sai keji har mutuwa. Saboda haka wanda zai rene shi dole ya rufe jikinsa da riga mai launin toka daga kai har ƙasa, ya riƙe kan gauraka na katako a hannu ya riƙa ba shi abinci da bakin. Kuma kada ya yi magana. Ko tari kada ya yi.

Ma'aikata suka dubi ƙasa. Kowa yana da surukai a gari.

Darakta ya cire tabaransa ya goge. "Likita, kin ce ba a magana?"

"Ko kalma ɗaya, ranka ya daɗe. Daga safe har yamma, har ya yi fiffike."

"Wata nawa?"

"Da ɗan dama."

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa ganin fuskar Darakta ta yi haske irin na ranar ba. Ya ce a kira masa mai ba kifi abinci.

Aikin ya zama na gida. Ni aka ba sassaƙa kan tsuntsun, na yi masa kambi da zaren tsintsiya, na shafa fenti fari da ja a kumatu kamar yadda Likita ta nuna mini a hoto. Matarsa aka ba ɗinkin rigar. Ranar gwaji ina zaune a ɗakin ɗinkinta, shi yana tsaye a tsakiya kamar buhun da aka jingine, yana kallonmu ta ɗan ragar da aka yi wa idanu.

"Yaya, dubi ɗan'uwanka," in ji ta. "Tun ina amarya nake roƙon a sa mutumin nan ya yi shiru. Ashe ta hannun gwamnati za a amsa mini."

"Ke dai yi ɗinkinki," in ji buhun. "Ba kowa ake ba amanar dukiyar jiha ba. An duba ma'aikata kaf, aka ce wa ke da natsuwa..."

"Aka rasa, aka ba ka."

Ya taka zai juya, ya take bakin rigar, saura kaɗan ya rungumi keken ɗinki. Ta ɗauko almakashi ta durƙusa.

"Likita ta ce har ƙasa," na ce.

"Likita ce za ta wanke? Cikin taɓo fa zai riƙa shiga da ita, Yaya."

Ta rage ta zuwa idon sawu. Ban ƙara cewa komai ba, don na riga na yi maganar da nake yi a yini.

Ƙafa kuwa, hukuma ta tanadi baƙaƙen takalman ruwa masu tsawo. Da ya je sito ya karɓa, sai ya tarar duka biyun na ƙafar hagu ne. Mai sito ya ce haka aka kawo su, na daman wataƙila suna wata jihar. Ƙanena ya jefa su ƙarƙashin gado ya ci gaba da sa abin da ya saba: takalmin roba mai ruwan ƙwai, irin wanda yake saye a wurin mutum ɗaya a kasuwa tun yana kwandasta. Likita tana duba aikin ta wata 'yar taga a jikin shingen kara, ciyawa kuma ta kai gwiwa. Daga gwiwa zuwa sama, babu abin da za ta ce.

Tsuntsun ya fito, ɗan mitsitsi mai dogayen ƙafafu kamar an dasa ƙwallon auduga a kan tsinke biyu. Doka ta hana a sa masa suna, jan zobe kawai aka ɗaura masa a ƙafa. Ƙanena ya sa masa Auta a zuci, ya kuma gaya wa duk gari cewa a zuci ya sa.

Na rantse, ya riƙe bakinsa. Ni ne shaida, don ni nake biyan kuɗin shirun. Da an tashi aiki zai zo shagona ya zauna a kan bencin da ban gama ba, ya buɗe famfo. Ina goge katako yana zuba. Yadda yake kama fara da bakin katako ya ajiye a gaban Auta. Yadda yake danna wata 'yar na'ura a aljihu ta yi gurnanin uwar gauraka, Auta ya sheƙo a guje. Yadda ya taka ƙaya ranar nan, zagi ya taho har bakin haƙora, ya cije rigar ya mayar da shi ciki.

"Yaya, zagin nan yana nan," ya nuna ƙirjinsa. "Ina jin sa yana yawo."

Da Auta ya fara tsayi, kambi ya fara tsirowa, Likita ta ce lokacin koyon rawa ya yi. Gauraki suna rawa, su buɗe fiffike su yi tsalle su sunkuya, kuma wanda bai iya ba 'yan'uwansa ba sa kula shi. Ƙanena a lokacin yana da jika. Ya riƙa tsalle a cikin fadama da hannuwa a buɗe, gwiwoyinsa suna ƙara. Wani direban hukumar ya leƙa ta shinge, kafin yamma labari ya riga shi isa unguwa.

"Maman Auta, ya jego?" in ji mai shayin bakin layi.

"Jego lafiya. Ɗana dai ya fi naka tsayi, kuma bai taɓa satar mini sukari ba."

Yana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, amma na lura da wani abu. Ya daina zuwa hira wurin birin. Na tambaye shi dalili, ya yi ɗan jim, abin da ban saba gani ba.

"Ba na son ganin kejin nan, Yaya. An share na kusa da shi."

Ranar saki aka kai Auta wata babbar fadama inda gauraki na daji suke taruwa. Darakta ya yi jawabi da murya ƙasa-ƙasa don kada tsuntsaye su ji, aka yi masa tafi da yatsu biyu. Auta ya yi ɗan waige-waige, ya yi rawar nan da ta yi kama da ta dattijo mai ciwon gwiwa, sauran suka karɓe shi a haka. Ƙanena ya zagaya bayan mota ya cire rigar, ya share ido da ita, ya yi magana tun daga fadamar har ƙofar ofis ba tare da an ji inda ya ja numfashi ba.

Ba a yi mako ba, ina shago da hantsi, sai ga mai takalman nan da ƙanena yake saye a wurinsa a tsaye a ƙofa yana haki.

"Kafinta, ina ƙaninka? Kayan gwamnati sun sauka a kan hajata."

Ranar hutun ƙanena ce, yana zaune a bencin nan. Muka bi shi. Mai takalma yakan shimfiɗa leda a ƙasa ya jera takalman roba launi-launi. A tsakiyar masu ruwan ƙwai, ga Auta tsaye da kambinsa da jan zobensa, yana sunkuyawa yana yi musu ɗan kukan da yake yi idan yana jin yunwa. Jama'a sun yi da'ira. Wani ya gwada ƙafa ɗaya, ya taka, tsuntsun ya bi shi, ya cire ya jefar ya ɓuya bayan mai tumatir.

"Ni ba na ƙorafi," in ji mai takalma. "Tun da nake ban taɓa tara mutane haka ba. Amma ga wancan mai hular yana tambaya ko na sayarwa ne, ga wancan kuma yana tambaya ko ana ci."

Ƙanena ya kutsa cikin da'irar. Auta bai ko dubi fuskarsa ba. Ƙafafunsa ya gani suna tafiya, ya bar na kan leda da ba sa motsi, ya ruga ya tsaya a tsakaninsu ya kwantar da wuya.

Haka Likita ta same su. Ta dubi tsuntsun, ta dubi takalman, ta cire tabarau ta mayar.

"Baba, ina takalman da aka ba ka?"

"Duka na hagu ne, 'yata."

"Rigar fa? Na ce har ƙasa."

"Wannan sai ki tambayi mai wanki."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Wata da watanni an ɓoye wa tsuntsu fuskar mutum da muryar mutum, ya tashi da sanin cewa uwarsa takalmin roba ce, kuma a garin nan kowane lungu akwai uwarsa.

Darakta ya ce a kai shi kejin da aka share. Likita ta roƙi a ba ta dama ɗaya. Tunda takalmin yake so, in ji ta, sai a sa ya tsane shi. A mayar da shi fadama, wanda ya rene shi ya fito a siffarsa ta mutum, da takalman a ƙafa, ya kore shi da hayaniya har ya gane inda takalmin nan yake babu alheri. Idan ya sake sauka a gari, ita da kanta za ta rufe kejin.

Ni na ƙera akwatin da aka ɗauke shi, kuma sakatar da na sa babu mai iya buɗe ta sai ni, don haka aka tafi da ni. Matarsa ta ce tunda almakashinta ne ya jawo, ba za a bar ta a gida ba. Darakta ma ya zo, don ya gani da idonsa kafin ya sa hannu a batun keji.

Na buɗe akwatin. Gauraki na daji suna can nesa suna kiwo. Auta ya fito ya miƙe wuya, bai ko kalle su ba, ya nufi ƙafafun ƙanena ya fara tsattsagar bakin takalmin a hankali.

"Bismillah, Baba," in ji Likita. "Yi masa magana. Da ƙarfi."

Ya buɗe baki ya rufe, kamar kifayensa.

"Me zan ce masa?"

Tun da aka haife shi ban taɓa jin ya yi wannan tambayar ba. Muka tsaya. Tsuntsun ya kwanta a kan ƙafar ƙanena ta dama. Darakta ya dubi agogo.

"Malam," in ji matarsa, "ɗauka ni ce. Ɗauka na ƙona maka riga da dutsen guga."

Bai motsa ba.

"To ɗauka birin nan ne ya samu maƙwabci."

Nan famfon ya ɓalle. Ya fara da zagin ƙayar nan da ya daɗe yana yawo a ƙirjinsa, ya fito da shi cikakke. Auta ya zabura ya tashi tsaye. Sai ya shiga bayani.

"Kai wane irin ɗa ne? Na yi maka tsalle da gwiwar da likitan mutane ya ce in daina hawa bene da ita. Na kama maka fara da bakin katako, ni da ko cokali yana faɗuwa daga hannuna. Ga danginka can masu kambi, ka bar su ka tafi kasuwa wurin roba? Robar ma ta mutumin da bai taɓa rage mini ko sisi ba? Ka san inda za su kai ka? Kusa da biri. Za ka ci ɓawon ayaba daga hannun masinja. Za ka zauna a ma'aikatar da ke ba mutum ƙafar hagu biyu ta ce ya tafi daidai. Ma'aikatar da motar sintirinta sai maharban da aka kama sun sauka sun tura..."

Darakta ya yi gyaran murya. Likita ta ce masa a hankali, "Magani ne, ranka ya daɗe."

Yana yi yana buga takalman a ƙasa yana matsawa. Auta ya ja da baya, ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya, ya juya ya dube shi da ɗayan. Na san wannan kallon. Na gan shi a fuskar masu aski da fasinjoji da masu sayen siminti. Ƙanena ya bar hukuma ya koma tarihin aurensa, daga nan ya shiga labarin wani fasinja da ya taɓa mantuwa da akuya a mota. Tsuntsun ya jure har wajen tsakiyar akuyar. Sannan ya yi abin da mu duka muka daɗe muna fatan Allah ya ba mu ikon yi: ya buɗe fiffike ya tashi.

"Ban gama ba," in ji ƙanena, yana kallon sama.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Likita ta sa ya riƙa komawa kowace safiya. Da farko Auta yakan taho ya tsaya ɗan nesa, ko yau uwarsa ta warke. Sai a ɗora masa daga inda aka tsaya. Daga baya ya daina tahowa. Daga baya kuma, da ya hango ruwan ƙwai yana tafe a cikin ciyawa, sai ya yi kuka ɗaya ya tashi, garken duka su bi shi. Bai sake sauka a kasuwa ba. Mai takalma har yau yana cewa hukuma ta kashe masa ciniki. Kejin da aka share, Darakta ya sa aka zuba tsofaffin ragogin da aka ƙwace a ciki, ya kuma sa aka mayar da ofishinsa ɗaya ɓangaren ginin, don an mayar da ƙanena wurin kifi.

Yanzu ya yi ritaya. Maganarsa tana nan, sai dai haƙoran da take bi ta tsakaninsu sun ragu. Amma idan lokacin taruwar gauraki ya yi, yakan zo shago da sassafe ya ce in rufe mu tafi. Ba ya iya zuwa da takalmansa, kuma ba ya iya buɗe baki, don Auta ya san su duka biyun. Sai ya jawo na ƙarƙashin gadon nan ya sa. Matarsa ta ce ya sayi baƙaƙe na kirki, ya ce kayan aiki kayan aiki ne. Haka muke ratsa fadamar, yana tafe takalman suna jan sa hagu, ni ina riƙe da hannun rigarsa ina dawo da shi hanya.

Mukan zauna a bayan wani tudu mu yi ta kallo. Bara mun hango mai jan zobe, da wata a gefensa, yana yi mata rawar nan ta mai ciwon gwiwa, ita kuma da alama ba ta ga laifinta ba. Mun daɗe a zaune. Ƙurar katako ta shekaru ta taso mini, na yi ɗan tari.

Ƙanena ya dafa gwiwata, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Yaya," ya ce, "surutunka ya yi yawa."